FASHIN BAƘI: Yadda ƙasar Musulmi ke kula da wurin ibadar Buda, da tambayar da hakan ke ɗora wa Katsinawa

A ƙaddara wani magidanci ɗan asalin Sukuntuni, a Ƙaramar Hukumar Kankiya, karatu ya kai shi birnin Yogyakarta na ƙasar Indunusiya, ya tafi da maiɗakinsa da 'ya'yansu biyu. Ran wani hutu, abokan karatunsa suka ce masa bai ga ƙasar ba muddin bai je Borobudur ba. Tafiyar kimanin kilomita 40 ce arewa maso yamma da birnin, ta tsakiyar gonakin shinkafa da ƙauyuka masu masallatai. A ƙarshenta sai ga wani tudu da aka lulluɓe da sassaƙaƙƙun duwatsu tun daga gindi har ƙololuwa. Shi ne wurin ibadar mabiya addinin Buda mafi girma a duniya.

A bakin ƙofa za su tarar da jama'a maƙil, mafi yawansu 'yan ƙasar, mata da yawa sanye da hijabi, ga kuma ayarin 'yan makaranta da malamansu. Ba abin mamaki ba ne a nan tambayoyi biyu su taso. Uwargida ta ce, "Malam, anya ya dace mu shiga nan?" In an hau an sauko kuma, ɗan ƙaraminsu ya ce, "Baba, mu ma muna da irin wannan a gida?"

Tambayar farko ta malamai ce, kuma sun daɗe da yin saɓani a kanta. Akwai masu hana shiga duk inda aka girke mutum-mutumi, akwai masu halatta shiga domin gani da ɗaukar darasi, matuƙar mutum bai sa hannu a ibadar da ake yi ba. Tambaya ta biyu kuwa ta hukuma ce, domin amsarta tana cikin doka da kasafin kuɗi. Ita wannan bayani ya bi, daga tsibirin Java har zuwa ƙasar Katsina.

Mene ne Borobudur?

Indunusiya ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, ko da bai taɓa taka ta ba. Taliyar Indomie da yara ke ci a Kankiya da Kusada asalinta daga can ne. Atamfar da mata ke ɗaurawa ta samo tsarin rininta daga sana'ar batik ta mutanen Java, ta hannun 'yan kasuwar Holan. Duk alhajin da ya sauke farali kuma ya san yawan alhazan ƙasar a Makka, domin babu ƙasar da ta kai ta yawan Musulmi. Kusan kashi 87 cikin 100 na jama'arta Musulmi ne, mabiya Buda kuwa ba su cika kashi 1 cikin 100 ba.

Addinin Buda ya samo asali ne daga koyarwar Siddhartha Gautama, wanda aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, sama da shekara 2,400 da suka wuce. Jigon koyarwarsa shi ne cewa rayuwa cike take da wahala, tushen wahalar kwaɗayi ne da son zuciya, kuma akwai hanyar horon kai da za ta raba mutum da su. Fatauci ta teku ya kai addinin tsibiran kudu maso gabashin Asiya ƙarnoni kafin Musulunci ya isa can.

Sarakunan gidan Sailendra ne suka gina Borobudur tsakanin ƙarshen ƙarni na 8 da farkon ƙarni na 9, wato kusan shekara 200 kafin zamanin da tarihin Kano ya ba Bagauda. Ba ɗaki ba ne da ake shiga. Tudu ne na halitta aka yi wa sutura da duwatsu masu yawan gaske, an harɗa su da juna ba tare da siminti ba. Kowane gefe na gindinsa ya kai mita 123. Hawa tara ne: shida na ƙasa masu kusurwa huɗu, uku na sama zagayayyu, sannan babbar ƙubba a tsakiya. A jikin bangayen akwai allunan sassaƙa 2,672, kuma an ƙawata ginin da mutum-mutumin Buda 504. Guda 72 daga cikinsu suna zaune ne cikin wasu ƙananan ƙubbobi masu huje-huje, masu kama da kifaffen akushi, a hawa ukun sama.

Mai ibada yakan fara daga matakalar gabas, ya riƙa zagayawa ginin na hannun damansa, hawa bayan hawa. Tsarin yana nuna tafiyar rai daga duniyar sha'awa, zuwa duniyar siffa, zuwa inda babu siffa. Ga mai nazarin tarihi kuwa, allunan taska ce ta daban: suna nuna jiragen ruwa, da gidaje, da kasuwa, da noma, da kayan kiɗa na mutanen Java na shekara 1,200 da suka shuɗe.

Yadda aka yi watsi da shi, aka kuma ceto shi

A ƙarni na 10 cibiyar mulkin Java ta koma gabashin tsibirin. Daga baya, musamman daga ƙarni na 15, jama'ar suka riƙa karɓar Musulunci. Tokar duwatsu masu aman wuta da kurmi suka rufe ginin. A 1814 ne Thomas Stamford Raffles, wanda ke riƙe da Java a ɗan lokacin da Ingila ta mulke ta, ya ji labarin wurin, ya tura wani injiniya ɗan Holan, H. C. Cornelius, aka sare dajin.

Bayyanar wurin ta jawo masa sabuwar ɓarna. Masu neman kayan tarihi suka yi ta cire kawunan mutum-mutumin suna kai wa Turai. A 1896, Turawan mulkin mallaka na Holan suka bar Sarkin Siyam, wato Tailan ta yau, Chulalongkorn, ya tafi da sassaƙe-sassaƙe cike da amalanke takwas. Gyara na farko mai tsari shi ne wanda Theodoor van Erp ya jagoranta daga 1907 zuwa 1911. Bai magance babbar matsalar ba: ruwan sama na shiga cikin tudun, ƙasa na zaizayewa, bangaye na karkacewa.

Bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Indunusiya ta nemi taimakon hukumar UNESCO. A shekarun 1970 aka fara babban aiki ƙarƙashin masanin ƙasar, Soekmono. An kwance duwatsu fiye da miliyan ɗaya, aka yi wa kowanne lamba, aka wanke, aka zuba kankare da magudanan ruwa a ƙarƙashi, sannan aka mayar da kowane dutse gurbinsa. Shugaba Suharto ya buɗe wurin a 1983, kuma a 1991 UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Ba kowa ne ya yi na'am ba. Ranar 21 ga Janairu, 1985, bama-bamai suka tashi a hawan sama, suka lalata ƙubbobi tara. An danganta harin da ramuwar gayya kan kisan da sojoji suka yi wa masu zanga-zanga Musulmi a Tanjung Priok a 1984. Gwamnati ta gyara ƙubbobin, kotu kuma ta yanke wa wani mai wa'azi, Husein Ali al-Habsyi, ɗaurin rai da rai a 1991. Da dutsen Merapi ya yi aman wuta a 2010 toka ta sake rufe ginin, mutanen ƙauyukan kewaye na cikin waɗanda suka yi aikin share ta.

Me ya sa ƙasar Musulmi take kashe kuɗi a kansa?

Dalilai uku ne suka fito fili. Na farko, Indunusiya ta ɗauki ginin a matsayin shaidar abin da kakanninta suka iya: lissafi, da gini, da tsara aikin dubban mutane. Bajawane Musulmi bai yarda da aƙidar waɗanda suka gina shi ba, amma jikansu ne, kuma ba ya musun hakan. Na biyu, haƙƙin 'yan tsiraru. Addinin Buda na cikin addinai shida da gwamnati ta amince da su a hukumance, ranar bikinsu na Waisak ranar hutu ce a ƙasa baki ɗaya, kuma duk shekara suna yin jerin gwano daga wurin ibadar Mendut zuwa Borobudur. Na uku, abinci. Masu masauki, da direbobi, da 'yan jagora, da masu sayar da tsaraba, galibinsu Musulmin yankin Magelang ne.

Akwai kuma doka. Dokar kayan tarihi mai lamba 11 ta 2010 ta kasa wuraren tarihi zuwa na ƙasa, da na lardi, da na gunduma, ta kuma ɗora wa ƙananan hukumomi aikin yi musu rajista. Ma'ana, kula da tarihi bai tsaya a babban birni ba.

Indunusiya ba ita kaɗai ba ce. Pakistan na kula da kufan Takht-i-Bahi, tsohon mazaunin malaman Buda da ke kan tsauni, wanda UNESCO ta amince da shi tun 1980. Masar ta rayu da dalolin Fir'auna tsawon ƙarnonin Musulunci. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Afganistan, inda a watan Maris na 2001 Taliban ta rushe manyan mutum-mutumin Buda biyu na Bamiyan, duk da cewa tawagar malamai, ciki har da Sheikh Yusuf al-Ƙaradawi da Muftin Masar na lokacin, Nasr Farid Wasil, ta je Kandahar domin ta hana. Darasin da ya fi kusa da gida shi ne na Timbuktu. A 2012 masu ɗauke da makamai suka rusa hubbarorin waliyyai a birnin, wato kayan tarihin Musulunci kansa. A 2016 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ɗaure Ahmad al-Faƙi al-Mahdi shekara tara a kan haka. Gatarin da aka fara ɗagawa a kan tarihin wasu bai tsaya a nan ba.

Wa ke cin moriya?

Iyalin da suka kai ziyara za su ga tsabta da tsari, amma akwai abin da tikiti ba ya faɗa. Lokacin da aka shata filin shaƙatawa a kewayen ginin a farkon shekarun 1980, an tashi ɗaruruwan iyalai daga ƙauyukansu, a zamanin da ja da gwamnatin Suharto ke da haɗari. Kamfanin gwamnati ne ke tafiyar da filin yana karɓar kuɗin shiga, kuma an daɗe ana ƙorafin cewa rabon da ke isa ga talakawan yankin bai taka kara ya karya ba. A 2024 aka kwashe masu sayar da kaya daga harabar zuwa sabuwar kasuwa a Kujon, wasunsu suka yi ta kukan an bar su a baya.

A watan Yunin 2022, minista Luhut Binsar Pandjaitan ya sanar da shirin mayar da kuɗin hawa ginin rupiya 750,000 ga ɗan ƙasa, dala 100 ga baƙo. Hujjarsa ita ce ƙafafun miliyoyin mutane na cinye matakalan. Jama'a suka yi caa, suna cewa an mayar da gadon kowa na masu kuɗi, mabiya Buda kuma suka tambaya ko sai sun biya wannan kuɗi kafin su yi ibada. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta jingine shirin. Abin da aka koma a kai a wancan lokaci shi ne taƙaita masu hawa zuwa 1,200 a rana, kowane rukuni da ɗan jagora, kowa kuma ya sa wani takalmi mai taushi da ake kira upanat, wanda masu sana'ar hannu na yankin ke saƙawa.

Abin lura a nan shi ne wurin tarihi fagen siyasa ne kamar kowane. Akwai fili, akwai kwangila, akwai kuɗin shiga, akwai wanda za a tasa da wanda za a bai wa rumfa. Mutanen Indunusiya sun iya tilasta wa minista ya janye ne domin sun ɗauki wurin nasu.

Amsar tambayar yaron

In uban ya san tarihin jiharsa, zai ce wa ɗansa akwai, ko da ba irin wannan ginin ba. Daga Sukuntuni ba a buƙatar fasfo kafin a je Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani, kimanin kilomita 30 gabas da birnin Katsina. Tuddai ne na ƙasa da aka tara a kan kaburbura, waɗanda tarihin baka ke dangantawa da Durɓawa, masu mulkin Katsina kafin Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka Sarkin Katsina Musulmi na farko a ƙarni na 15. Sarautar Durɓi na nan har yau a masarautar Katsina.

A 1907, shekarar da van Erp ya fara gyaran Borobudur, Baturen mulki H. R. Palmer ya tona wasu daga cikin tuddan, a farkon sarautar Sarki Muhammadu Dikko. A 1992 masu bincike daga Jamus suka tona wasu uku. Abin da aka samu ya haɗa da kayan ado na zinariya, da na tagulla, da na hauren giwa, da wuri, da duwatsun wuya, da wata tasa ta ƙarfe da aka ƙera a ƙasashen Musulmi na Gabas ta Tsakiya. Binciken ya nuna an yi binne-binnen ne tsakanin wajajen ƙarni na 13 da na 16. Wannan shaida ce da za a iya taɓawa da hannu cewa Katsina na cikin harkar fataucin Sahara tun kafin Bature ya san hanyarta, kuma tana nuna lokacin da tsohuwar al'ada da sabon addini suke cuɗanya. An kai kayan birnin Mainz na Jamus domin a gyara su, aka baje kolinsu a can a 2011, aka dawo da su Najeriya a 2014. Wato mazauna Mainz sun riga mazauna Mani ganinsu a gyare.

A Kano akwai Dutsen Dala, inda tarihin Kano ya ce Barbushe ke jagorantar bautar Tsumburbura, kuma masu bincike sun samu alamun narkar da tama a yankinsa tun wajajen ƙarni na 7. Tun 2007 Najeriya ta sa shi, tare da ganuwar Kano da Kasuwar Kurmi, cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta amince da su. Har yanzu ba a kai ga haka ba, kuma duk mai bin titunan Kano ya ga yadda gine-gine da masu ɗibar ƙasa suka cinye sassan ganuwar.

Wurare biyu kacal Najeriya ke da su a babban jerin UNESCO. Akwai Sukur, a kan tsaunukan Mandara cikin Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, wanda aka amince da shi a 1999, Boko Haram kuma ta kai masa hari a 2014. Akwai kurmin Osun a Osogbo, wanda aka amince da shi a 2005, a garin da Musulmi ke da yawa ƙwarai, kuma bikinsa na watan Agusta na tara dubban baƙi. Jihar Katsina, mai Hasumiyar Gobarau da Rijiyar Kusugu da Durɓi ta Kusheyi, ba ta da wuri a wannan jeri.

Wani ɓangaren gadon ma ya riga ya tsallaka teku. A 2000, Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, ICOM, ta sa mutum-mutumin yumɓu na Nok da na yankunan Katsina da Sakkwato cikin jerin kayan Afirka da aka fi sacewa. A shekarar ce aka yi ta ce-ce-ku-ce kan wasu guda uku, biyu na Nok ɗaya na Sakkwato, da Faransa ta saya domin baje su a birnin Faris. A 2002 Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, wanda za a iya sabuntawa. Dillalin Turai ya san darajar abin da manomi ya tono a gonarsa, manomin ne ba a taɓa gaya masa ba.

Alhakin wane ne?

Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Adana Kayan Tarihi ta Ƙasa, NCMM, ita ce doka mai lamba 77 ta 1979, wadda aka yi a zamanin soja. Ita ta ba hukumar ikon kula da wuraren da aka ayyana na ƙasa, ta hana tona ba da izini ba, ta kuma hana fitar da kayan tarihi ƙasar waje ba da takarda ba. Tarar da ke cikinta an yanka ta ne da darajar Naira ta wancan zamani, don haka ba ta tsorata mai fasa-ƙwauri na yau. Tuddan Durɓi ta Kusheyi da Hasumiyar Gobarau suna cikin wuraren da aka ayyana na ƙasa tun 1959. Hukumar tana da gidan tarihi a tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922.

Sai dai Abuja ba ita kaɗai ke da alhaki ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa kayan tarihi cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke tarayya a kansu: Majalisar Dokokin Jiha na da ikon yin doka kan duk wurin da ba a ayyana shi na ƙasa ba. Jihar Katsina tana da Hukumar Tarihi da Al'adu. Ɗan majalisar jiha da ke wakiltar Kankiya, da takwaransa na Kusada, da ɗan majalisar tarayya na mazaɓar Kankiya, Ingawa da Kusada, duk suna da bakin magana a kan kasafin waɗannan hukumomi. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, shugaban ƙaramar hukuma ma ya rage hujjar cewa hannunsa a ɗaure yake.

Wannan ya shafi abin da ya fi Durɓi ƙanƙanta. Da wuya a samu tsohon gari a ƙasar Hausa da ba shi da kufai, ko ragowar ganuwa, ko tsohuwar marina, ko kukar da ake ba da labarinta, ko maƙabartar malamai, ko littattafan Ajami a cikin adaka. Mafi yawansu ba su cikin rajistar kowa. Dattawan da suka san labarinsu suna ƙarewa, kuma ƙarnin da ya kamata ya karɓa shi ne wanda ya yi firamare da ƙaramar sakandare a shekarun da aka cire darasin tarihi daga manhaja, daga wajajen 2009, kafin a dawo da shi bayan kusan shekara goma.

Ana ta kai, wa ke ta kaya?

Wannan ce hujja mafi ƙarfi da za a kawo, kuma ba ta wasa ba ce. Jihar Katsina ta shafe shekaru tana fama da 'yan bindiga, masifar da ta fara daga ƙananan hukumomin bakin daji ta kuma taɓa na tsakiya. Mutumin da bai iya zuwa gonarsa ba, ko yake haɗa kuɗin fansar ɗan'uwansa, ba zai saurari zancen tudun kabari ba. Duk ɗan siyasar da ya yi alkawarin cewa baƙi daga Turai za su cika Mani a baɗi, yaudara yake yi.

Amma adanawa daban, yawon buɗe ido daban. Abin da wuri irin Durɓi ke buƙata a yau bai wuce shata iyaka da takardar mallaka ba, da shinge, da mai gadin da ake biya a kan lokaci, da magudanar da za ta hana zaizaya, da allo mai bayani cikin Hausa, da hotuna da rajistar kowane abu da aka tono. Ba aikin biliyoyi ba ne. Lokacin rikici kuma shi ne lokacin da kayan tarihi suka fi salwanta, kamar yadda aka gani a Sukur da Timbuktu. Makarantar da ta rushe ana iya sake gina ta. Tudun da aka baje aka yi fuloti, ko tasar da aka sayar wa dillali, sun tafi ke nan. Indunusiya ma ba ta jira ta yi arziki ba: ta fara neman ceto Borobudur ne tana cikin ƙasashe matalauta, ba da jimawa ba bayan rikicin 1965 da ya ci rayukan dubban ɗaruruwan mutane.

Akwai kuma masu ganin kula da irin waɗannan wurare raya maguzanci ne. Katsinawa na da amsa a tarihinsu. Sarakuna Musulmi sun mulki ƙasar tun daga Korau, malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani sun rayu a cikinta, jihadin ƙarni na 19 ya zo ya kafa sabuwar sarauta, tuddan Durɓi kuma suna nan tsaye har Palmer ya same su. Dutsen Dala ma na nan a tsakiyar birnin da ake kira cibiyar ilmin addini. Abin da ke barazana gare su a yau ruwan sama ne, da mai ɗibar ƙasa, da dillalin fili, da ofishin da ba a ba shi kuɗin aiki ba.

Tambayoyin da suka cancanci amsa

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. A 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Ƙungiyar ɗalibai ko ta matasan gari a Kankiya ko Kusada na iya amfani da ita ba tare da lauya ba.

Ana iya tambayar NCMM: kayan Durɓi ta Kusheyi da aka dawo da su a 2014 guda nawa ne, a ina kowanne yake, nawa ne a baje inda jama'a za su gani? Ma'aikata nawa ke kula da tuddan? Me za a yi idan wa'adin aron da aka ba Faransa ya cika a 2027? Ana iya tambayar gwamnatin jiha: nawa aka ware wa Hukumar Tarihi da Al'adu a kasafin shekaru biyar da suka wuce, nawa aka saki a zahiri? Akwai rajistar wuraren tarihi na ƙananan hukumomi 34? Ana iya tambayar shugaban ƙaramar hukuma da hakimi: waɗanne kufai da ganuwa ne ke ƙasarku, wa ke da ikon raba filin da suke kai? Makarantu nawa ne suka kai ɗalibansu Mani ko gidan tarihi na Katsina a bana?

Iyalin da suka hau Borobudur za su dawo da hotuna, wataƙila da takalman upanat a cikin jaka. In hutu ya kawo su gida, yaron zai tuna wa ubansa maganar da suka yi a gindin tudun. Daga Sukuntuni zuwa Mani tafiyar yini guda ce, a je a dawo. Abin da za su tarar a can, shinge da mai bayani ko kuwa tudu a tsakiyar gona, ya danganta da ko akwai wanda ya yi waɗannan tambayoyi, ya kuma nace har aka ba shi amsa.